Koyar da ilimin ƙasa, falaki da muhalli: waɗanne kayan intanet ne ke aiki a aji?

Malamar Kimiyya

Assalamu alaikum, malamai. Shafukan da ke ba da kayan koyar da ilimin ƙasa, falaki da muhalli kyauta sun yi yawa har mutum ya rasa ta inda zai kama. Jerin da ake turawa kuwa sunaye ne zalla, ba mai faɗin yadda za a mai da su darasi. Tambayata ita ce: ajin sakandare mai kwamfuta ɗaya ko biyu, intanet kuma yau akwai gobe babu, wanne ya kamata a ɗauka? Wane aiki ɗalibi zai yi da shi cikin minti 40? A ina kuma aka fi yin tuntuɓe?

Mai Nazarin Duwatsu

Wa alaikumus salam, Malama. In ɗaya tak aka ce in zaɓa, rumbun bayanan girgizar ƙasa na USGS, hukumar binciken ƙasa ta Amurka, zan ɗauka, domin da shi ɗalibi zai gano iyakokin farantan ɓawon duniya, wato manyan sassan doron ƙasa masu motsi a hankali, da hannunsa tun ba a zana masa su a allo ba.

A shiga sashen binciken rumbun, a sa mafi ƙarancin ƙarfi 5, a zaɓi shekara guda cur, yanki kuma duk duniya, a ce a fitar da sakamakon a fayil ɗin CSV, wato tebur ɗin alƙaluma. Za a samu girgiza wajen 1,500 ko fiye, fayil ɗin ma bai kai nauyin hoton waya ɗaya ba. A buɗe shi a Excel ko LibreOffice Calc, a yi zanen ɗigo-ɗigo, longitud a kwance, latitud a tsaye. Kada a shimfiɗa taswira a ƙarƙashi. Ɗigogin da kansu za su fitar da zoben da ya kewaye tekun Fasifik, da siririn layin da ya ratsa tsakiyar Atilantika, da faffaɗar ɗamarar da ta taso daga Bahar Rum ta bi ta Turkiyya da Iran har Himalaya. Sai a tambayi aji: me ya hana su warwatsuwa ko'ina?

Darasi na biyu zurfi ne. A sauke na shekara goma, ƙarfi 4.5 zuwa sama, amma cikin akwati kawai: latitud 20 zuwa 28 kudu, longitud 60 zuwa 73 yamma. Longitud a kwance, zurfi a tsaye, a kife ma'aunin yadda sifili zai koma sama. Girgizar gaɓar Chile ba ta da zurfi, ana nausawa gabas tana ƙara nutsewa, har ta haura kilomita 500 a ƙarƙashin Ajantina. Farantin Nazca ke nan yana shigewa ƙarƙashin Amurka ta Kudu.

Wuraren tuntuɓe kuwa: in aka sauko da ƙarfin zuwa 2.5, Kalifoniya da Alaska za su cika da ɗigo kamar nan ne ƙasa ta fi motsi, alhali na'urorin awo ne suka fi yawa a can. Daga 4.5 zuwa sama ne rumbun ke yi wa duniya adalci. Sannan za a ga ɗigogi da yawa sun jeru cif a zurfin kilomita 10. Ba wani abu ba ne a wannan zurfin. In na'urori ba su isa su tantance ba, 10 ake sawa, a tsofaffin bayanai kuma 33. Bincike ɗaya ba ya wuce girgiza 20,000. Wanda ya zaɓi yankin Tonga da Fiji maimakon Chile zai ga zanensa ya rabu biyu, saboda layin digiri 180 ya ratsa wurin; sai ya ƙara 360 a kan duk longitud mai alamar ragi.

Malamar Kimiyya

Na gode, Malam. Yaya batun ma'aunin ƙarfin? Ɗalibai kan ɗauka mai 6 ta ɗara mai 5 da ɗan kaɗan ne.

Mai Nazarin Duwatsu

Mataki ɗaya ninki 10 ne a girman motsin da na'ura ta zana, amma ninki kusan 32 ne a ƙarfin da aka saki. Daga 5 zuwa 7 ke nan ninki 1,000. A ba su su lissafa tsakanin mai 6.5 da girgizar Chile ta 1960 mai 9.5, mafi girma da aka taɓa aunawa. Mataki uku, ninki sama da 30,000.

Masanin Falaki

A ɓangaren sama, Malama, Stellarium, manhajar da ke nuna sararin sama a allo, ba ta da na biyu ga aji irin wanda kika kwatanta. Kyauta ce, a sauke ta kwamfuta sau ɗaya, daga nan ba ruwanta da intanet, kuma tana zuwa da taurari sama da 600,000.

Abu na farko, a danna F6 a saita wuri. In ba intanet ta kasa gano inda ake, sai ta koma Faris, kuma an sha yin darasi guda a kan saman Faransa ba a ankara ba. F5 kwanan wata da lokaci, F3 bincike, A ta cire iskar sama yadda za a ga taurari da rana tsaka, G ta cire ƙasa, L ta ƙara gudun lokaci, K ta mai da shi daidai, 8 ta dawo da yanzu.

Darasin da ya fi biyan wahala shi ne na sauyin lokutan shekara, domin mafi yawan ɗalibai, har da manya, sun yarda zafi na zuwa ne in duniya ta kusanci rana. A raba aji rukuni uku: ɗaya a ikwaita, ɗaya a digiri 45 arewa, ɗaya a digiri 35 kudu. Kowane rukuni ya duba ranakun 21 ga Maris, 21 ga Yuni, 23 ga Satumba da 21 ga Disamba, ya danna rana, ya rubuta abu uku: tsayinta a lokacin da ta kai ƙololuwa, tsawon yini, da nisanta daga duniya. Ƙololuwa fa, ba ƙarfe 12 na agogo ba. Manhajar tana nuna lokacin a cikin bayanan da ke gefe. Da an haɗa tebur ɗin, magana ta ƙare. Nisa ɗaya ne ga dukkan rukunonin, amma tsayin rana da tsawon yini sun saɓa, a Yuni arewa na cikin zafi kudu na cikin sanyi. Ƙari ma, duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, kilomita miliyan 147, ta fi nisa a farkon Yuli, miliyan 152. Karkacewar duniya ta digiri 23.4 ce ke aikin.

Darasin sauyin hasken wata ma haka. A bi shi kwana 30, kowace rana a rubuta kusurwar da ke tsakaninsa da rana da kason da ya haskaka. Sifili sabon wata, 90 rabi, 180 cikakke, zagayen kwana 29 da rabi. Inuwar duniya ba ta da hannu a ciki sai ranar husufi, kuma ba a husufi kowane wata ne saboda falakin watan ya karkace da kusan digiri 5.

Amma kada a tsaya a allo. Duk abin da aka gani a manhaja da rana, a aika ɗalibi ya nemo shi da dare: Zara in tana fitowa, Kaza da 'ya'yanta a lokacinta.

Tsohon Malami

Allah ya saka muku. Sai dai ina da ja a kan tsarin. Kun fara da alƙaluma, ni kuwa ina ganin yaro ɗan shekara 12 ko 13 in aka zube masa layi 1,500 a gabansa, wahalar Excel za ta cinye darasin, ilimin ƙasar ya bi ruwa. A fara da manhajojin kwaikwayo na PhET, na Jami'ar Colorado da ke Boulder, waɗanda Carl Wieman ya assasa a 2002. Kowanne fayil ɗaya ne, a sauke, a buɗe shi a burauza ba intanet, har a waya.

Ɗauki Gravity and Orbits. Akwai makunnin kashe ƙarfin jan nauyi. Kafin a taɓa shi, kowa ya zana a takarda inda yake zaton duniya za ta nufa. Da yawa za su zana ta tana ficewa kai tsaye daga rana, wasu su zana ta tana lanƙwasa. Sai a kashe, a ga ta miƙe sak a kan hanyar da take kai a daidai wannan lokacin. Wannan minti biyar ɗin ya fi shafi biyar na bayani. Sharaɗin kawai shi ne hasashe ya riga kallo, a rubuce. In aka sakar wa yara manhajar ba tambaya, za su yi ta jan maɓallai har rana ta haɗiye duniya, su tashi ba su ƙaru da komai ba.

Mai Nazarin Duwatsu

Ranka ya daɗe, ban ƙi ba, amma kwaikwayo abin da maginin sa ya zuba a ciki kawai yake nunawa. Ba zai taɓa ba ɗalibi mamakin da maginin bai shirya ba. Alƙaluman gaske suna zuwa da dattinsu, da giɓinsu, da 10 ɗin nan ta ƙiyasi, kuma gane waɗannan shi ne rabin kimiyya. Batun wahalar Excel kuwa, malami ya rage layukan zuwa 150, ya buga, ya ba kowane rukuni 30 su ɗiga da fensir a takardar giraf guda.

Tsohon Malami

In a takarda ne, na yarda. Amma ga abin da ba a iya aunawa a aji, kamar kashe jan nauyi ko ninka nauyin rana, kwaikwayo ne kaɗai ƙofa. Ban sauka daga nan ba.

Masanin Falaki

Ƙarin bayani kan Gravity and Orbits ɗin nan, Baba: fuska biyu gare ta, ɗaya an kumbura duniyoyin don a gan su, ɗaya kuma a kan ma'auni na gaskiya. A nuna duka biyun, domin kusan duk hoton dangin rana da ke intanet ya murɗe ma'auni. Maganinsa fili. In rana ƙwallo ce mai faɗin santimita 20, duniya ba ta kai milimita 2 ba, tana nisan mita 21 da rabi. Mushtari santimita 2 a mita 112. Neftun milimita 7 a wajen mita 650. Tauraro mafi kusa kuma sai an yi tafiyar kilomita kusan 5,800. A taka da ƙafa har Mushtari, sannan a dawo a buɗe Eyes on the Solar System na NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, in intanet ya samu. Tana buƙatar kwamfuta mai ɗan ƙarfi.

Ma'aikaciyar Yanayi

Bari in shigo da sauyin yanayi, inda bidiyo da surutu suka fi yawa, alƙaluma suka fi ƙaranci a aji.

Fayil ɗin farko: awon iskar CO2 (kabon dayoksaid, ɗaya daga iskokin da ke riƙe zafi) na wata-wata daga tashar Mauna Loa a Hawai, a shafin NOAA, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka. Charles Keeling ya fara shi a Maris 1958, lokacin kusan kashi 315 cikin miliyan. A Mayun 2013 awon yini ya taɓa 400 a karon farko, yanzu ya haura 420. Kafin zamanin masana'antu wajen 280 ne. Ƙaramin fayil ne ƙwarai. A goge layukan sama masu alamar #, in ba haka ba manhajar lissafi za ta rikice. Lambobi irin su -9.99 ko -99.99 ba awo ba ne, alamar giɓi ce.

A yi zane biyu. Na farko shekara uku kacal: za a ga hawa da sauka, ƙololuwa a Mayu, ƙasa-ƙasa a Satumba ko Oktoba, tazarar kusan 6. Tsirran arewacin duniya ne ke zuƙar iskar lokacin tsiro, su sake ta in ganye ya zube ya ruɓe. Na biyu duka shekarun. Sai ɗalibai su lissafa ƙaruwar shekara: a shekarun 1960 ba ta kai 1 ba, a shekarun 2010 ta haura 2. Ba hawa kawai take ba, saurin hawan ma ƙaruwa yake.

Ɗalibi mai kaifin basira zai ce ai Mauna Loa dutse ne mai aman wuta, ta yaya za a yarda da awon? Tambaya ce mai kyau, kada a danne ta. Ana tace sa'o'in da iskar dutsen ta gurɓata, kuma hujja mafi ƙarfi ita ce a sauke na tashar Ƙuryar Kudu daga shafi guda: hawan iri ɗaya ne, zigzag ɗin ne kawai ya ƙanƙance saboda ƙarancin tudu da tsirrai a kudu.

Fayil na biyu zafin duniya. A nan tarkon shi ne lambobin ba zafi ba ne, bambanci ne daga wani matsakaici, kuma kowace hukuma da nata. GISTEMP, rumbun zafin duniya na NASA, yana auna daga matsakaicin 1951 zuwa 1980. Copernicus ta Turai 1991 zuwa 2020. Digiri 1.5 na yarjejeniyar Faris kuma daga 1850 zuwa 1900 ake ƙirga shi. Shi ya sa shekarar 2024 ta fito 1.28 a wurin NASA, ta fito kusan 1.55 a rahoton Hukumar Yanayi ta Duniya, kuma ba wanda ya yi kuskure. In aka ɗora su a zane ɗaya ba a daidaita tushe ba, sai a ga kamar masana sun saɓa.

Malamar Kimiyya

Madalla, 'yar'uwa. Gwajin nan na kwalabe biyu fa, ɗaya da CO2 ɗaya da iska, a haska musu fitila? Yana ko'ina a intanet.

Ma'aikaciyar Yanayi

Ki guje shi, Malama, ko ki koyar da shi a matsayin misalin gwajin da ke ba da amsa daidai ta hanyar da ba daidai ba. CO2 ta fi iska nauyi, sai ta kwanta a gindin kwalbar ta hana zafi tashi sama. Yawancin bambancin daga nan yake. In aka zuba iskar argon, wadda ba ta kama infirared, hasken zafi da ido ba ya gani, ko kaɗan, ana samun ɗumi makamancin wannan. Ga kuma bambancin nisan fitila na santimita ɗaya ko biyu da kan iya juya sakamakon.

Abin da ya fi shi: Molecules and Light na PhET. A harba infirared kan naitirojin da oksijin, ya wuce abinsa. A harba kan CO2, tururin ruwa ko mitan, a ga ƙwayar ta kama rawa ta sake fitar da shi ta wata fuska. Sai Greenhouse Effect: a cire iskokin gaba ɗaya, zafin ya sauka wajen digiri 18 ƙasa da sifili, maimakon 15 da muke da shi. A nan Baba ya yi gaskiya.

Wani abu: taswirar iska ta earth.nullschool.net tana da kyan kallo, kuma tana da amfani. A zaɓi matakin matsin iska na 250 hPa, wajen kilomita 10 sama, a ga igiyoyin iska masu gudu. Amma a gaya wa ɗalibai lissafin kwamfutar hasashe ne, ba awon kai tsaye ba.

Mai Taswira

Hotunan tauraron ɗan'adam matakai ne, kada a fara da mai wuya.

NASA Worldview ba ya neman rajista. Hoton duniya na kowace rana, sa'o'i kaɗan bayan ɗauka, kuma ana iya komawa har shekarar 2000. Ɗigo ɗaya na hoton yana wakiltar mita 250 a ƙasa, don haka gajimare, ƙura, hayaƙi, ambaliya da guguwa ake gani, ba gidaje ba. Baƙaƙen yankan da ke jere kusa da ikwaita a hoton na'urar MODIS giɓi ne tsakanin zagayen tauraron da na bayansa. Farin ƙyallin da ke kan teku hasken rana ne ya dawo. Jajayen ɗigogin wuta kuma ba girman gobara suke nunawa ba: ɗigon na'urar VIIRS mita 375 ne, na MODIS kilomita guda, kuma wutar rijiyar gas ko dutse mai aman wuta duk ja suke fitowa.

Google Earth Timelapse ya fara daga 1984. Tekun Aral a nan abin kallo ne: ya rabu, ya janye, har ɓangaren gabas na kudancinsa ya ƙafe a 2014. Amma a lura da inda labari ya fara. Tafkin Chadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, babban janyewarsa kuma ya faru ne lokacin farin da aka yi a shekarun 1970 da farkon 1980. Wanda ya kalle shi daga 1984 kawai zai ce bai ragu ba. Shekarar farawa kan sauya hukunci.

Ga manyan ɗalibai, hotunan tauraron Sentinel-2 ta shafin Copernicus Browser, ɗigo mita 10, sabon hoto duk kwana biyar, daga 2015. Na tauraron Landsat ta shafin EarthExplorer, mita 30, tarihinsa tun 1972, kyauta tun 2008. Aikin da ya dace shi ne ma'aunin korewar tsirrai, NDVI: a cire ja daga infirared na kusa, a raba da jimillarsu. Ruwa yakan fito ƙasa da sifili, ƙasa tsirara wajen 0.1 zuwa 0.2, daji mai duhu sama da 0.6. Lambar zangon haske ta bambanta: Sentinel-2 zango na 8 da na 4, Landsat 8 da 9 na 5 da na 4, Landsat 5 da 7 na 4 da na 3. Wanda ya ɗauki lissafin wannan ya ɗora wa wancan zai samu taswira mai kyan launi wadda ba ta nufin komai.

Sauran kurakurai: kwatanta hoton lokacin ruwa na wata shekara da na rani na wata, a ce daji ya ƙare. Dole wata ɗaya a shekaru daban-daban. Hotunan Landsat 7 daga ƙarshen Mayun 2003 suna da baƙaƙen zane-zane saboda wani sashen na'urar ya lalace. In an sauke fayil ɗin Landsat na mataki na biyu (Level-2) zuwa manhajar taswira ta QGIS, sai an ninka lambobin da 0.0000275 an cire 0.2 kafin lissafi. Auna faɗin fili kuma ba a yin sa a tsarin digiri, a juya zuwa UTM, tsarin da ke auna da mita.

Injiniyan Muhalli

Biyu daga gare ni. Global Forest Watch yana nuna asarar inuwar bishiyoyi daga 2001, bisa hotunan Landsat, kuma bishiya a wurinsa ita ce wadda ta haura mita 5. Asarar inuwa ba lallai sare daji ba ce: girbin gandun da aka shuka, gobara da guguwa duk suna ciki. A ƙasa mai bishiyoyi jefi-jefi kuma yakan kasa gani.

Ingancin iska: OpenAQ na tattara awon tashoshi. Mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ga PM2.5, ƙura mai laushi ƙwarai, shi ne maikirogiram 5 cikin kowane kyubik mita na iska a matsakaicin shekara, 15 a na sa'a 24. Kada a gwada awon sa'a guda da mizanin yini. Ƙananan na'urori masu araha sukan zarce gaskiya in laima ta yi yawa, saboda ƙwayoyin ƙura na shan danshi su kumbura. Awon ƙura daga tauraro kuma na dukkan tsayin sama ne, ba na iskar da ke bakin hanci ba.

Malamar Kimiyya

Wannan duk ya yi. Saura batun intanet ɗin da ba tabbas.

Tsohon Malami

Kada a taɓa gina darasi a kan shafin da sai an buɗe shi kai tsaye a gaban aji. A sauke tun jajibiri, a ajiye a filashi, a rubuta ranar saukewa a sunan fayil. Kiwix na ɗauke da Wikipedia da tarin PhET ba intanet. Kolibri na mai da kwamfuta ɗaya rumbun da wayoyi za su shiga ta wayafai na cikin gida. Littafin Astronomy na OpenStax, daga Jami'ar Rice, PDF ne kyauta, lasisinsa ya yarda a kwafa a gyara muddin an ambaci tushe. Don tsararrun darussa, Teach the Earth na Kwalejin Carleton da My NASA Data.

A kula da tsofaffin jeri. Flash, fasahar da tsofaffin manhajojin burauza ke tafiya a kai, ya mutu a ƙarshen 2020, ya tafi da ɗimbin manhajojin koyarwa. Na falaki na Jami'ar Nebraska sai a nemi waɗanda aka sake shiryawa don girkawa a kwamfuta. A PhET ma, Plate Tectonics da Glaciers tsofaffin Java ne, suna da nauyi, ba sa tafiya sosai a waya. Shafukan hukumomi su ma kan sauya adireshi ko a rufe su. Hotunan NASA galibi an yarda a yi amfani da su, ban da tambarinta. Na Google Earth kuwa kada a yanke rubutun mallaka da ke ƙasa.

Masanin Falaki

Akwai aikin da intanet ɗinsa saƙo ɗaya ne tak: auna kewayen duniya kamar yadda Eratostenis ya yi sama da shekara 2,200 da suka wuce. Sanda mai mita 1 daidai, a kafa ta a shimfiɗaɗɗen wuri, a tabbatar ta miƙe da zare mai dutse a ƙarshe. A nemo lokacin tsakar rana na gaskiya a NOAA Solar Calculator ko Stellarium. A fara alamta bakin inuwa minti 20 kafin lokacin, duk minti biyu, har minti 20 bayansa. Mafi gajarta ita ake so. A raba tsawon inuwa da tsawon sanda, a nemo kusurwar da tanjent ɗinta ke nan. Wata makaranta da ke arewa ko kudu ta yi haka a rana guda. Bambancin kusurwa a kan 360 daidai yake da nisan arewa-kudu a kan kewayen duniya, amsar na kusa da kilomita 40,000.

Inda yake lalacewa: kuskuren santimita 1 a inuwa na iya haura rabin digiri, digiri ɗaya kuwa kilomita 111 ne. Makarantun da ke tazarar kilomita 100 kuskurensu zai kusan kai abin da suke aunawa. A nemi 500 zuwa sama. Nisan kuma na arewa-kudu ne, ba na hanyar mota ba. In inuwar ɗaya ta faɗi arewa ta ɗayar kudu, haɗa kusurwoyin ake yi, ba ragewa ba. In ba a samu abokan aiki ba, a yi ranar 20 ko 21 ga Maris, ko 22 ko 23 ga Satumba, lokacin da rana ke bisa ikwaita; kusurwar da aka samu ita ce latitud ɗin wurin.

Kuma don Allah, ba mai kallon rana da ido, ko ta gilashin tabarau, ko ta na'urar hangen nesa. Hotunan SDO, tauraron NASA mai kallon rana, suna nuna tabon rana na kowace rana.

Ma'aikaciyar Yanayi

Irin wannan haɗin na awon hannu da bayanan intanet shi GLOBE, shirin awon muhalli na makarantun duniya, ke yi tun 1995, kuma ƙa'idojinsa suna nan a PDF. Na ruwan sama ya fi sauƙi. Mazubi mai miƙaƙƙen gefe, a fili, nesa da gini ko bishiya da aƙalla ninki biyu na tsayinsu, huɗu ya fi. A karanta sau ɗaya a yini, cikin sa'a guda da tsakar rana, a zubar. Ranar da ba ruwa a rubuta 0, ranar da ba a duba ba a bar gurbin fayau. Haɗa waɗannan biyun na ɓata matsakaici. In an sa mazurari mai faɗin baki santimita 10, kowace milimita ta ruwa mililita 7.85 ce, sai a auna da silindar awo a raba.

Malamar Kimiyya

In aka gwada da na tauraro aka ga sun saɓa fa? Wanne za a ce wa ɗalibai shi ne daidai?

Ma'aikaciyar Yanayi

Za su saɓa, musamman a awon yini. Bayanan IMERG, ƙiyasin ruwan sama na NASA daga tauraro, matsakaici ne na akwatin da ke da kusan kilomita 11 kowane gefe, mazubin kuwa bakinsa santimita 10. Hadari na iya juye ruwa a kusurwa ɗaya ta akwatin ya bar sauran a bushe. Yinin tauraro kuma daga sha biyun dare na agogon duniya (UTC) yake farawa, naku daga tsakar rana, don haka ruwan dare ɗaya kan faɗa ranaku daban-daban a tebur biyun. A sauke na rabin sa'a-rabin sa'a a tara daga tsakar rana zuwa tsakar rana, ko a kwatanta jimillar kwana goma-goma da ta wata. In bayan haka mazubin kullum yana ƙasa, a duba ko iska na kaɗa ruwan ya tsallake bakinsa, ko wani abu ya kare shi, ko ruwan na ƙafewa kafin a karanta. Ɗigon mai kaɗan a cikin mazubin yana rage ƙafewar.